Share Tsohuwa Daga Kundi

Wata uku cur na yi ina shan zagi a kan na'urar da ta riga ta mutu. Ba ni na saye ta ba, ba ni na kashe ta ba, amma kowace safiya da na sauko daga keke napep a bakin ma'aikatarmu, tun kafin in gyara mayafina, akwai wanda ke tsaye yana jirana da fuska a murtuke. Kukan ɗaya ne kullum: kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. Gaskiyar magana ba ƙi take yi ba, jinkiri ne, sai dai a ofishin gwamnati ba wanda ke son a ce wani abu ya fi shi iya jinkiri.

Ni ce mai kula da kwamfutocin ma'aikatar, a nan cikin Bauchi. A Yelwa na yi karatu, a can na yi aure, a can muka kama haya, kullum sai in hau keke zuwa cikin gari. Ina shekarata ta biyu a aikin lokacin da wannan abu ya faru, ina ji da kaina kamar yadda duk mai sabuwar takarda ke ji da kansa.

Kwamfutocin ofishin duk a haɗe suke, kuma akwai kundi guda da ba a gani da ido, inda aka rubuta sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa da firintar da aka yarda ya taɓa. Na'urar da ke riƙe da kundin ita ake kira saba. In ka kunna kwamfutarka da safe ka buga sunanka, kwamfutar ba ta san ka ba, sai ta aika wurin saba ta tambaya ko wannan mutumin namu ne. In saba ta ce namu ne, a buɗe maka. Muna da irinsu biyu, kowace da cikakken kwafin kundin, suna ba juna labarin duk abin da ya canza. Ɗaya an kawo ta ne kusan lokacin da aka ɗauke ni aiki, muna ce mata Sabuwa. Ɗayar kuwa Tsohuwa kowa ke ce mata, har Darakta.

Tsohuwa tana da mai ita. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, duk ofis Baba ake kiransa. Da tafireta ya fara aiki, da kwamfuta ta shigo aka tura shi kwas na mako biyu, ya dawo da takardar shaida da har yau tana rataye a bangon ofishinsa. An ba ni labarin ranar da aka buɗe ɗakin saba: an yanka ƙyalle, an ci masa da miya, an kafa ɗan allo a ƙofa. Tun daga ranar, takardar ayyukan Baba layi ɗaya ce tak, kula da wannan na'ura. Kowace safiya zai buɗe ɗakin, ya goge mata ƙura, ya ɗora tafin hannunsa a jikinta kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ƙirga fitilunta masu kore, ya rufe ya koma kujerarsa. Na raina wannan aiki, kuma na raina shi a kansa, ba zan ɓoye ba.

Rufin ɗakin yana yoyo, daidai saman akwatin ƙarfen da Tsohuwa ke ciki. Baba ya rubuta takarda sau uku, sau uku aka amsa masa cewa ana dubawa. Da ya ga duban ba zai ƙare ba, sai ya kawo bahon roba daga gidansa ya ɗora a saman akwatin, kullum ya zubar da abin da ya taru. Damina biyu bahon nan ya yi yana aikin da ma'aikatar gwamnati ta kasa. A ta uku hutun Babbar Sallah ya faɗo tsakiyar ruwa, aka rufe ofis kwana huɗu, sama kuma ta buɗe kamar da gayya. Baho ya cika ya batse. Da muka dawo, ƙaurin ƙonewa ne ya tarbe mu tun daga baranda, fitilun Tsohuwa duk sun mutu.

Mutane suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Baba jaje. Har da masu cewa Allah ya mayar da alheri, shi kuma yana zaune yana amsawa da amin, kansa a ƙasa. Ni ko a jikina, don na san kundin na nan lafiya a wurin Sabuwa.

Abu ɗaya ne ya rage. Tsohuwa ce ke riƙe da manyan muƙamai biyar na cibiyar, ciki har da faɗa wa sauran kwamfutoci ƙarfe nawa. A ƙa'ida, in za a sauke saba, ita da kanta take miƙa muƙamanta ga wata, ta zagaya ta cire sunanta daga duk inda aka rubuta shi, sannan a kashe ta cikin mutunci. Tamu ta tafi ba miƙa aiki ba sallama. Don haka na zauna na ƙwace muƙaman nan biyar da ƙarfin tsiya na ɗora wa Sabuwa. Kafin azahar kowa ya koma aikinsa, ko abin da yake kira aikinsa. Na koma Yelwa ranar ina jin babu kamata a faɗin jihar.

Washegari aka fara jirana a bakin ƙofa. Ƙarfen ya mutu, amma sunan Tsohuwa na nan daram a cikin kundi, a jerin masu tsaron kundin, a taswirar cibiya, da kuma littafin adireshi da kwamfutoci ke dubawa don su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Kwamfutocinmu kuwa 'yan ofis ne na gaske, sun san girman na gaba. Sai sun fara zuwa ƙofar Tsohuwa sun yi sallama, sun jira, sun sake sallama, sun ƙara jira, kafin su haƙura su nufi Sabuwa. Ita ma Sabuwa ba ta daina aika mata labari ba, in ta ji shiru ta rubuta ƙorafi da jan rubutu, har ƙorafin ya fi ƙarfin karantawa.

Ma'aikata ba su daɗe ba suka saba. Sakatariyar Darakta takan kunna tata ta tafi zagayen gaisuwa ofis ofis, kafin ta dawo ta buɗe. Wasu su tsallaka titi wurin mai masa su ci su sha kunu. Wani jami'i a sashen tsare-tsare ya yi lissafinsa ya gano cewa tunda kwamfuta ba ta shiryawa da wuri, zuwa ofis kafin ƙarfe goma ɓarnar lokacin gwamnati ne. Kowa ya samu abin da ya daɗe yana nema, amma hakan bai sa an rage min zagi ko ɗaya ba.

Maganin bai wuce aikin minti goma sha biyar ba: a bi wuraren nan a share sunan. Sai dai na riga na san inda nake aiki. A watana na farko na jefa wani mataccen allon rubutu na kwamfuta a kwandon shara, na kwana uku ina amsa takardar tuhuma. Don haka wannan karon na rubuta takardar neman izini, na miƙa ta hannun Baba, tunda shi ne mai na'urar. Ta yi mako biyu a teburinsa, ƙarƙashin filas ɗin shayinsa. Kullum in tambaya, kullum ya ce yana nazari. Daga ƙarshe ya tura ta gaba da kalmomi uku a gefe: a ƙara nazari.

Ta isa hannun Mataimakin Darakta mai kula da harkokin mulki, mutum mai babbar riga da tabarau a kan hanci, wanda ya yi imani duk abin da ba a kafa wa kwamiti ba bai faru ba. Ya sa aka kira ni.

"'Yata, na ga kina neman a share kayan gwamnati."

"Ranka ya daɗe, kayan na nan a ɗaki, ba wanda zai taɓa su. Sunan kawai za a cire."

"To ai sunan shi ne kayan. Ƙarfe kowa ma yana da shi a gidansa."

Da ya ga ban gamsu ba, sai ya tashi ya kai ni bakin taga ya nuna min wata a-kori-kura da ke ƙarƙashin darbejiya a bayan ofis. Tun zuwana a kan duwatsu na same ta, ba taya ba inji, kajin mai gadi ke ƙwai a cikinta. Amma sunanta na cikin rajistar motocin ma'aikata, saboda haka tana da direba, yana zuwa kullum da safe ya goge gilashin gaba ya zauna a inuwa har a tashi. Na ɗauka Mataimaki zai ce ga irin abin da ya kamata a gyara. Ashe misalin kyakkyawan tsari yake nuna min. Ya koma ya zauna ya rubuta cewa a kafa kwamiti mai mutum biyar ya duba yiwuwar cire sunan, ya kuma sa Baba a matsayin sakataren kwamitin.

Sakatariyar Darakta ce ta buɗe min ido. Babbar mace ce, Anti nake ce mata, ba abin da ke wucewa a ofishin nan bai bi ta teburinta ba. Muna naɗe sallaya bayan azahar a ɗan ɗakin da mata ke salla ta gaya min, murya ƙasa ƙasa, cewa kwamitin tantance ma'aikata zai zo daga hedikwata ƙarshen damina. Duk wanda aka samu takardar ayyukansa ba komai a kai, taransifa za a yi masa zuwa ofisoshin karkara. Baba saura shekara biyu ya yi ritaya. Matarsa ciwon sukari ya taɓa mata ƙafafu, kowace Talata shi ke kai ta asibiti kafin ya zo aiki, 'ya'yansu kuma duk mata ne, suna gidajen aurensu a wasu garuruwan. In aka jefa shi ofishin da ke tafiyar rabin yini, ba mai kai ta. Ta ce ba ta ce in bar aikina ba, ni dai in yi a hankali.

Nan na gane filas ɗin shayin ba mantuwa ba ce. Muddin sunan Tsohuwa na cikin kundi, Baba na da na'ura mai jinya da yake kula da ita, kamar yadda direban can ke da mota. Ranar da sunan ya fita, layinsa ɗaya ya fita tare da shi.

Na ji tausayinsa, kuma tausayin ya kai yini guda. Washegari mutum uku na tarar a bakin ƙofa, ɗayansu, jami'in nan na tsare-tsare, ya ce a gaban mai gadi wai karatun 'yan zamani ke nan, takarda fal kai fanko. Na hau sama zuciyata na tafasa na rubuta takarda ta biyu. Bayan mako biyu na rubuta ta uku, wannan kai tsaye zuwa ga Darakta, na zuba mata gishiri son raina. Na rubuta cewa tsohuwar saba ta mutu murus, babu wani aiki da ake yi a kanta kuma babu wanda za a sake yi har abada. Na karanta jimlar sau biyu na ji ta yi min daɗi. Na ce a raina gaskiya gaskiya ce, in za a bar gawar na'ura ta riƙa ja min zagi don wani ya zauna a kujera, to me na je yi makaranta.

Duk wannan lokaci ni da Baba ba mu fasa gaisawa ba. Ya tambaye ni maigida da yara, in tambaye shi mai jiki, ya ce da sauƙi. Kwamitin mutum biyar bai taɓa zama ba, don sakatarensa bai samu ranar da ta dace da kowa ba.

Wata Juma'a, bayan maza sun watse zuwa masallaci, Baba ya kira mai keke suka ɗora Tsohuwa suka nufi bakin barikin Shadawanka, wurin wani mai gyara da ke yi wa matan sojoji gyaran rediyo da dutsen guga. Daga baya na ji yadda aka yi. Mutumin ya kwance ta gunduwa gunduwa, ya shanya kayan cikinta a tabarma kamar kuɓewa, ya wanke su da fetur da buroshin haƙori, ya ciro wani abu daga wata na'urar ya maye gurbin wanda ya ƙone. Kuma ta kama. Dole in ba mutumin nan haƙƙinsa, da ni aka kawo wa ita da ban iya ba. Ranar Litinin Baba ya riga kowa zuwa, ya mayar da ita mazauninta, ya soka mata wayar cibiya.

Da na sauko daga keke ba mutum uku na tarar ba, baranda ce cike. Tsohuwa ta farka da imanin cewa har yanzu ita ce ke riƙe da muƙamai biyar, Sabuwa ma haka ta yi imani, ga shi kuwa ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Kwamfutocin da suka yi wata uku suna sallama a ƙofarta yau an amsa musu, da kundin da ya tsaya tun kafin Sallah. Duk wanda ya canza kalmar sirri a tsakanin, aka ce masa ƙarya yake. Mutum biyu da aka turo mana kwanan nan aka ce ba a taɓa jin labarinsu ba. Ƙaramin batirin agogonta ma ya mutu, ta tashi a wata shekara da ina makarantar sakandare, ta kuma raba wa duk wanda ya tambaye ta wannan lokacin. Darakta na cikin waɗanda suka canza kalmar sirri. Ya buga, an ƙi, ya sake bugawa da ƙarfi kamar ƙarfin ne ya gaza, har aka kulle shi gaba ɗaya, ga jawabin da zai karanta a taron ƙarfe goma a cikin kwamfutar.

Baba na tsaye a ƙofar ɗakin saba cikin farin kaftani, yana murmushi, bai san abin da ke faruwa a sama ba. Ya ce min ta tashi. Na wuce shi ban gaishe shi ba, na fizge wayar daga bayanta, na juyo. Mutane sun biyo ni sun cika ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka bar aikin nan ga waɗanda suka san shi."

A gaban kowa na faɗa, har da masinja, har da direban motar da ba ta tafiya.  Ya dubi wayar da ke hannuna, ya matsa gefe ya ba ni hanya.

Na buɗe wa Darakta kwamfutarsa, Anti ta buga jawabin da ƙyar kafin lokaci. Yana saukowa zai shiga mota ya ce a kawo masa fayil ɗin. Izinin da na yi wata uku ina nema, a kan murfin mota aka ba ni shi, a tsaye, da koren biro: a share yau. Mataimakin Darakta na gefe yana gyaɗa kai, yana gaya wa duk mai saurare cewa tun farko shawarar da ya bayar ke nan.

Na ɓata safiyar ina bi kwamfuta kwamfuta ina gyara musu agogo. Bayan azahar na shiga ɗakin saba na ja ƙofa na zauna. Ban daɗe ba Baba ya turo ƙofar, ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da ni. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshina. Na buɗe jerin masu tsaron kundi na kai kibiya kan sunan Tsohuwa.

Sai ya ce in dakata, in fara tabbatarwa muƙaman nan biyar suna hannun Sabuwa bayan hargitsin safe, kada in share in bar cibiya ba shugaba. Na duba, suna nan. Ya ce to yanzu jerin masu tsaro. Bayan shi taswirar cibiya, kuma in buɗe ƙarƙashin sunan tukuna, akwai igiyoyin da Sabuwa ke aika mata labari ta cikinsu, su ake fara cirewa. Bayan nan littafin adireshi, ya ce sunan ba wuri ɗaya yake ba a can, in bi lungu lungu. Yana faɗa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba takarda a hannunsa. Akwai wurin da ni sai na duba a waya kafin in tuna da shi, shi ya ambace shi kamar mai faɗin hanyar gidansa.

Na cire hannuna daga tebur na tambaye shi ina ya san wannan. Ya ce kafin Tsohuwa akwai wata, ita ma mutuwar farat ɗaya ta yi, shi kaɗai ya share ta tun kafin a buɗe wannan ɗakin, waya a kunne, malaminsa na kwas na gaya masa yana dannawa. Ya ce tun ranar da muka dawo hutun Sallah ya san abin da ya kamata a yi, ya kuma san minti nawa zai ci. Na ce to ya san ba a mayar da saba bayan an ƙwace muƙamanta. Ya ce ya sani.

"Mako biyu kawai na so ta yi da rai, 'yata. Kwamitin tantancewa su leƙo su ga fitila na ci. Na ce ko Allah zai sa ita da Sabuwa su yi haƙuri da juna."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na koma kan allo na danna share. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko na tabbata wannan saba ta tafi ke nan ba za ta dawo ba, in na tabbata in sa alama. Na kai kibiya kan wurin na tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

"Danna mana," in ji shi. "La'asar ta kusa."

Na danna. Muka bi sauran wuraren tare, yana nunawa da ɗan yatsa ina sharewa. Jan rubutun Sabuwa ya tsaya. Ya tashi ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta ya tafi alwala.

Washegari kwamfutoci suka riƙa buɗewa kafin mutum ya gama gyara zama. Ba wanda ya jira ni a bakin ƙofa, ba kuma wanda ya ce sannu. Mai masa ce ma ta aiko a tambaya ko lafiya ta daina ganin mutanenta, jami'in tsare-tsare kuwa ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata, don na raba shi da hujjarsa ta ƙarfe goma.

Kwamitin tantancewa ya zo yadda Anti ta faɗa. Suka zauna a ɗakin taro da lemo da gyaɗa a gabansu, ana shiga ɗaya ɗaya. Direba ya shiga ya fito yana dariya, motarsa na cikin rajista, ba wanda ya tambaye shi ko tana da taya. Baba ya shiga bai yi minti biyar ba ya fito. Da jerin sunaye ya fito a allon sanarwa, nasa ne na huɗu, an tura shi wani ofishinmu da ke can iyakar jiha, inda ko wutar lantarki ba ta kai ba balle kwamfuta.

Na hau wurin Darakta ba tare da an kira ni ba. Na ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ina buƙatar na biyu a ɗakin saba, kuma na ga da idona dattijon nan ya san aikin fiye da yadda kowa ke zato. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya jawo fayil ya buɗe ya karanta min jimlata, wadda ta yi min daɗi, cewa babu aikin da ake yi kuma babu wanda za a sake yi har abada. Ya ce wannan takarda ita kwamiti suka gani, ya tambaye ni wa ya sa mata hannu. Ya ce yanzu magana ta bar hannunsa, tana hedikwata, sai dai in rubuta takarda, za a duba. Na rubuta. An amsa min cewa ana dubawa.

Ranar Alhamis ɗinsa ta ƙarshe Baba ya shigo ɗakin saba da ledar kayansa a hannu. Na miƙe tsaye. Ya ce in zauna in buɗe littafin adireshi, mun bar guda ɗaya. Akwai ɓangaren da ake neman suna ta hanyar lamba maimakon lamba ta hanyar suna, a can ya tuna ba mu leƙa ba. Na buɗe, ga ta nan kuwa, layi ɗaya. Ya ce ba za ta hana kowa aiki ba, amma wata rana za ta rikita wanda ya zo bayana, aikin da za a yi gara a yi shi da kyau. Na share.

Na ce masa ya yafe min maganar da na faɗa a gaban mutane. Ya ce ba komai, aiki ne, shi ma ya yi ƙuruciya. Na tambaye shi batun Talata. Na ce akwai mai keken da ke kawo ni kullum, mutumin kirki ne, zan iya sa shi ya riƙa zuwa gidan yana kai Mama asibiti yana dawo da ita.

Ya yi godiya, yana naɗe bakin ledar a yatsansa.

"Ba hawan ba ne matsalar, ɗagawar ce. Daga gado zuwa ƙofar gida sai an ɗauke ta. Ba ta yarda kowa ya ɗaga ta sai ni."

Na raka shi har ƙasa. Sai da ya buga mashin ɗinsa sau uku kafin ya kama, ina tsaye a gefe na ce a gaida mai jiki. Ya ce za ta ji.